Ido Goma Sha Shida

Benaye huɗu a gefen dutse, a Tbilisi,
kowanne da ƙofarsa, kowanne da ƙorafinsa,
kowace kyamara gabanta kawai take kallo,
kamar maƙwabtan da suka daina gaisawa.
Kwamiti ya ce: Nestan, haɗa mana su.
An tara kuɗin a tsohuwar kwalbar zuma,
Lamzira ta ƙirga sau uku kafin ta sake min ita.

Na hau rufi da kebul a kafaɗa,
iskar Nuwamba tana yankan kunne.
Daga na ɗaya zuwa na biyu taku tamanin ne,
waya ta isa.
Daga na biyu zuwa na uku tafiya ta yi nisa,
saƙo ya gaji a hanya, hoto ya iso a yage,
sai na ja zaren gilashi, siriri kamar gashin jariri,
ta bututun da ɓeraye suka riga ni sani.
Na huɗu yana tsallaken titi,
hukuma ta ce kul, ba a tona kwalta.
Na kafa faranti biyu, ɗaya nan, ɗaya can,
na yi ta murɗa wuyansu har suka haɗa ido,
Gocha yana ƙasa yana ihu:
Hagu! Kaɗan! Kin wuce! Tsaya nan!

Kowacce na raɗa mata suna da lamba
don kada biyu su amsa kira ɗaya.
Biyu suka amsa.
Na kwana ina raba gardama.

Ran Alhamis, a ɗakin ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gida,
allo ya buɗe ido goma sha shida lokaci guda.
Aka yi tafi. Aka ce saura ɓarawon keke.
Bayan mako biyu na zauna ni kaɗai
ina jan dare da baya kamar zaren saƙa.

Ƙarfe uku da kwata.
Ta biyu ta ga tsoho Otar ya fito,
kwat a kan kayan barci, silifas a kan safa.
Ya sha kwana.
Da a da ne, nan labari ya ƙare.
Yanzu ta shida ta karɓe shi ƙarƙashin kurangar inabi,
ta miƙa wa ta sha ɗaya,
farantin rufi ya tsallakar da shi titi,
ta sha huɗu ta ajiye shi a gabana:
burodi a hammata, naɗe cikin jarida,
ya rataya a ƙofar Revaz.

Revaz, ƙaninsa.
Shekara ashirin da biyu ba sa ga maciji
a kan gonar ubansu da ke Kakheti.
Duk unguwa ta sani; har yara sun sani.

Bai ƙwanƙwasa ba.
Ya daidaita tabarmar ƙofa da ƙafa, ya juya.
Ƙarfe shida wani hannu ya leƙo,
bai lalube ba, ya san inda ƙusa take.

Jiya haka. Shekaranjiya haka.
Har iyakar abin da faifai ya iya riƙewa.
Bayan nan ban sani ba,
kuma ba a gayyace ni in sani ba.

Da safe Lamzira ta tare ni a matakala:
To, me kika gani?
Na ce: keken yana bayan kwandon shara,
mai shi ne ya manta.
Gaskiya ce, ba duka ba.
Gobe zan ba kwamiti kalmar sirri,
mutum bakwai, baki bakwai.

Na ɗauko tsani.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Na kwance kusoshi biyu a wuyan ta sha huɗu,
na sunkuyar da kanta da faɗin tafin hannu:
tana ganin mashiga, tana ganin kekuna,
ƙofar Revaz ta fita daga hoto.

Gocha ya ɗaga kai: Ta karkace!
Na ce: a'a. Kunya nake koya mata.
Riƙe tsanin da kyau.